Waya ce ta cinye mana al'ada? Amsa ga wani ɗan'uwa daga Garwa

Tambayar ta fito ne daga sakataren wata ƙungiyar matasan Hausawa a Garwa da ke arewacin Kamaru, ga ta a taƙaice: "Dattawanmu suna cewa waya da talabijin sun cinye al'ada. Mu kuwa matasa muna ganin ba a taɓa jin Hausa a ko'ina kamar yanzu ba. Wa ke da gaskiya? Sannan ƙungiyarmu ta tara ɗan kuɗi, muna son mu adana abin da ya rage a hannun tsofaffi. Ta ina za mu faro?"

Malam sakatare, Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Dattawanku da matasanku kowa abin da ya gani ya faɗa, sai dai ba wuri ɗaya suke kallo ba. Matasa yawa suke kallo: yawan masu jin Hausa, yawan waƙa, yawan bidiyon hawan salla da na biki. Dattawa tsari suke kallo: wa ya kamata ya faɗi magana, gaban wa, a wane lokaci, da izinin wa. Aikin da na'ura ke yi wa al'ada aikin rariya ne. Duk abin da ido ke gani ko kunne ke ji, kuma ya ƙare cikin minti ɗaya ko biyu, yana wucewa har ya ƙaru: ado, kiɗa, rawa, doki, abinci. Abin da kuwa sai an zauna shekaru kusa da mai shi kafin a gane shi, wannan shi ke maƙalewa a sama: dalilin yin abu, jerin wanda zai fara da wanda zai biyo baya, maganar da ba a yi a gaban wane. In kun riƙe wannan, za ku san inda kuɗinku ya kamata ya tafi.

Kafin a ɗora wa waya laifi duka, a tuna yadda Hausawan wannan yanki suka zo. Fatauci ne ya kawo mafi yawan kakanninmu ƙasar Adamawa tun ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wasu masu goro ne, wasu mahauta, wasu maɗinka da dukawa, wasu kuma maniyyata ne da suka kama hanyar Makka ta ƙasa, suka ratsa Cadi, tafiya ta tsaya musu a hanya. Mutanen da suka zauna nesa da gida ba su taɓa rabuwa da saƙo ba. Ayari ne ke kawo labarin Kano da Katsina, da sabon ɗinki, da sabuwar waƙa, da wasiƙar ajami a cikin gafaka. A nan kuma suka tarar da Fulatanci shi ne harshen kasuwa da na fada, a Cadi suka tarar da Larabci. Su ma sun ba da nasu, shi ya sa a fadar lamido ake jin Galadima da Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi. To al'adar da dattawa ke kuka a kanta tun asali mai karɓa ce mai bayarwa. Abin da ya sauya shi ne saurin shigowar sabon abu, da kuma ƙofar da yake bi.

Rediyo ce ta fara buɗe ƙofar da ba ta hannun madugu. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya soma a 1962, muryar Jamus ta biyo baya, muryar Amurka a 1979, rediyon Faransa RFI kuma a 2007. Gajeren zango bai san iyakar ƙasa ba, saboda haka mai shayi a Ngaundere da ɗan kasuwa a Kusiri suna jin abin da mutumin Zariya ke ji a sa'a ɗaya. Daga nan kunne ya fara sabawa da cewa akwai Hausa "ta ainihi", wato ta mai karanta labarai, tamu ta unguwa kuma mai gauraye da Fulatanci da Faransanci ta koma kamar ta biyu. Duk da haka rediyo ta maigida ce. A majalisa ake kunna ta, in an gama labarai dattijo ya yi sharhi, yaro ya ji labarin tare da hukuncin babba a kansa. Kaset ya zo ya ba kowa damar ɗaukar murya, har mutane suka riƙa cika kaset da gaisuwa suna ba direba ya kai wa dangi. Talabijin ya fara a Kamaru a 1985, aka kafa CRTV, hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, a 1987, amma yawancin shirye-shiryensa da Faransanci da Turanci ne, don haka abin da ya shiga ɗakin matan Hausawa da gaske shi ne fina-finan bidiyo na Kano, waɗanda suka faro daga 1990, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam irin Arewa24 da ta buɗe a 2014. A shekarar 2014 ɗin ce kuma intanet mai sauri ta waya ta shigo Kamaru a hannun kamfanin waya na Nexttel, MTN da Orange suka biyo baya a 2015.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu fiye da mutanen Najeriya. Ɗan Garwa ko Injamena da ya yi boko, da Faransanci ya yi, ba a koya masa rubuta Hausa da baƙaƙen boko ba. Wanda ya yi allo kuwa ajami ya sani, waya kuma ba ta saba da shi ba. Shi ya sa a zamanin saƙon rubutu Hausa ba ta da wuri a wayarmu, sai Faransanci. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta samu bakin magana da jikanta da ke Duwala, cikin Hausarta, da karin maganarta. A wannan gaɓar matasanku sun fi gaskiya. Yaran da iyayensu suka fara sakin Hausa sun dawo mata ta hanyar fim da waƙa da saƙon murya. Sai dai Hausar da suka dawo mata ta Kano ce. Kalmomin kakanninsu, da lafazin unguwarsu, da waƙoƙin da matan nan suka ƙirƙira a nan, ba su cikin fim.

Biki shi ne wurin da ake ganin aikin nan ƙarara. A da 'yan kallon biki su ne mahalartansa, kuma sun san juna. Kamu, sa lalle, wankan amarya, sayen baki, buɗar kai, kowanne yana da wadda ke jagorantarsa, yana da abin da yake ɗaurewa tsakanin gida biyu. Sayen baki, alal misali, hanya ce ta saba wa amarya da ango da abokansa sannu a hankali, cikin wasa, a gaban ƙawaye. Yanzu an samu ƙarin 'yan kallo da ba sa wurin, kuma sun fi na wurin yawa: masu kallon sitatus da TikTok. Da zarar biki ya zama abin nunawa ga wanda ba ya nan, sai a fara tsara shi yadda zai yi kyau a hoto. Abin da ke da haske da launi ya samu kuɗi da lokaci: anko, kwalliya, fili mai ado, hotunan kafin aure, liyafar dare. Abin da ake yi a ƙuryar ɗaki ba haske, irin nasihar gwaggo ga amarya daren kai ta, da waƙoƙin da tsofaffi ke yi lokacin wanka, sai a taƙaita shi don mai ɗaukar bidiyo yana jira, ko a tsallake shi gaba ɗaya. Kuma da yake samfurin da kowa ke gani ɗaya ne, bikin Marwa da na Abece da na Kaduna suna ta komawa kama ɗaya. Lefe ma ya shiga ciki. A da dangi ne ke ganinsa su yi shiru da abin da suka gani. Yau ana jera akwatuna a ɗauka a watsa, uwar da ke da 'ya a gida ta gani, ta auna da nata ƙarfin, farashin aure ya tashi ba tare da wani ya zauna ya yanke hakan ba. Wannan na cikin abin da ya fi damuna, domin talaka ne ke biyan kuɗinsa da jinkirin auren 'ya'yansa.

Sanarwar rasuwa ta fi biki nauyi. A tsarin da muka gada, labarin mutuwa yana da hanya. Ana zaɓen wanda zai kai shi, babba mai natsuwa, ya je da ƙafarsa, ya fara da cewa jiki ya yi tsanani, ya tabbatar akwai wanda zai riƙe uwa ko mata in ta yanke jiki. Wannan ilimi ne na tausayi da aka tara shekara da shekaru. Yau yaro ɗaya da ke bakin asibiti zai sa hoton mamaci a sitatus kafin a rufe masa ido, 'yarsa mai ciki da ke aure a wani gari ta gani tana tsakar girki. Ba mugunta ce ta sa yaron ba, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sanarwa tana da jeri, domin a da ba a buƙatar gaya wa yaro, ba shi da hanyar da zai riga manya. Ƙungiyarku za ta iya gyara wannan cikin mako ɗaya ba tare da kashe ko dala ba: a rubuta ƙa'ida a kowane zauren WhatsApp na unguwa cewa mutum ɗaya ko biyu da aka ambata ne kaɗai ke sanar da rasuwa, kuma sai bayan gidan mamaci sun ce an gaya wa iyaye da mata da 'ya'ya. Liman ya maimaita ta a masallaci.

Kunya ma haka. Alkunyar ɗan fari da nauyin suruki sun ginu ne a kan wuri: akwai zauren da ba ka shiga, akwai hanyar da kake kaucewa, akwai sunan da ba ka kamawa. Zauren dangi na waya ya tara suruki da surukarsa da ƙanen miji da jika a shimfiɗa ɗaya, sunan kowa a rubuce a saman saƙonsa. Gidajen da suka gane sun raba: zauren sanarwa wanda manya kaɗai ke rubutu a ciki, da na hira na sa'o'i daban.

Sai maganar wa ke da ta cewa. A da in aka yi saɓani kan yadda ake abu, ana komawa ga Sarkin Hausawa, ko liman, ko tsohuwar da ta fi kowa sanin biki, kuma amsarsu ita ce ƙarshe don babu wata a kusa. Yau kowace tambaya tana da amsa goma a aljihu. Ganin wata misali ne da kowa ya sani. Daren talatin ga wata, kafin kwamitin ganin wata na Kamaru ko majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci ta Cadi su yi magana, sanarwar Saudiyya da ta fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato sun riga sun zaga wayoyi, wani lokaci ma tsohuwar sanarwar bara ce aka sake turowa. Gida ɗaya a wayi gari wani da azumi wani babu. Karatu ma ya bi wannan hanya. Almajirin zaure yana bin littafi daga farko zuwa ƙarshe a gaban malamin da ya san shi, ya san gidansu, ya san abin da zai iya ɗauka. Mai waya yana samun guntun minti biyu da aka yanko daga karatun awa biyu, an cire tambayar da ta jawo amsar, an cire sharaɗin da malam ya gindaya. Alherin da ke ciki ba ƙarami ba ne, domin matar da ke cikin gida yanzu tana jin tafsiri cikakke in ta so. Matsalar tana wurin yankan, kuma manhajojin nan abin da ya fi tayar da hankali suke turawa gaba, saboda shi ke riƙe mutum a kan allo, riƙewar kuma ita ce cinikinsu. Ku kuma sanar da mambobinku cewa a Kamaru dokar watan Disamba 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba. "Turo mini aka yi" ba ta fitar da mutum.

Ta fannin sana'a, abin ya rabu biyu. Mai kilishi a Ngaundere ya samu kasuwa har Yawunde, ana yi masa oda ta waya a biya ta Orange Money ko MoMo, ya sa a jirgin ƙasa ko mota. Mai jima da baduku a Marwa suna nuna kayansu ga wanda bai taɓa zuwa arewa ba. Makaɗi kuwa ya sha kashi. A da mai biki sai ya kira masu kalangu ko masu kiɗan ƙwarya, su kwana, a yi musu liƙi, maroƙi ya kawo asalin gidan kaka da kakanni. Yanzu ana aika sunan ango da amarya situdiyo, a haɗa waƙa da fiyano, a turo ta waya, mai lasifika ya saka. Ta fi arha, kuma ba ta gajiya. Amma mawaƙin situdiyo bai san gidan ba, sunaye biyu kawai aka ba shi, don haka tarihin zuri'a da maroƙi ke ɗauke da shi a ka ya rasa ranar fitowa, ɗan maroƙin kuma ya ga ba abinci a gadon, ya kama acaɓa. Haka injin surfani mai kwamfuta ya yi wa mai ɗinkin hannu: zanen aska takwas yana nan a kan riguna fiye da da, masu iya zana shi da allura ne ke ƙarewa.

Yanzu ga aikinku. Shawarata ta farko, kada ku fara da hawan salla ko rawa. Waɗannan suna da masu ɗauka ɗari a kowace shekara. Ku zauna da dattawa biyu da tsofaffin mata biyu ku rubuta sunayen waɗanda in suka rasu wani sani zai bi su: ungozoma, wanzami, maroƙi, alwanka, mai algaita, tsohon direba ko bafatake da ya san yadda unguwar ta kafu, matar da ta iya waƙar daka da ta niƙa da ta reno. Ku jera su bisa tsufa da rashin lafiya, ku fara da wanda ya fi rauni. Mata su yi hira da mata. Tsohuwa ba za ta yi wa saurayi bayanin wankan jego ba, in ma ta yi, rabi za ta faɗa.

Kayan aiki kada su ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Waya mai kyau ɗaya ta isa, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, da sandar kafa waya mai ƙafa uku, da batirin ajiya, da faifan ajiya na kwamfuta guda biyu. Sauti ya fi hoto muhimmanci. Bidiyo mai duhu da murya garau yana da amfani, bidiyo mai kyau da ba a jin magana kuwa aikin banza ne. Makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki, kada mayafi ko carbi ya riƙa gogarsa. Ku sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya yana iya katse ɗauka ba ku sani ba. Ku kashe fanka, ku nisanci janareta da bakin titi. Ɗaki mai tabarma da labule da katifa ya fi ɗakin siminti fanko, wanda ke mayar da amo. Ku yi gwajin rabin minti ku saurara da abin kunne kafin a fara. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, waya mai ɗaukar bidiyo takan yi zafi ta tsaya da kanta, saboda haka ku yi da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, a cire mata riga, kuma kada a haɗa caji da ɗauka. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya. Gara a koma sau uku, domin sau da yawa a zama na biyu ne tsoho ke tuno abin da ya fi daraja.

Kada ku ɗauka da saƙon muryar WhatsApp. Yana matse sauti ƙwarai don ya yi sauƙin tafiya, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Ku sa manhajar rikoda mai ajiyewa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. Awa ɗaya ta murya a wannan tsari tana cin megabait 300 zuwa 500, awa ɗaya ta bidiyo mai 1080 kuwa tana iya cin gigabait 6 zuwa 8, sai ku yi lissafin wuri tun kafin fita. In sana'ar hannu ake ɗauka, a kwantar da wayar a kaikaice, a kafa ta, a nuna hannuwa, a bar ta tana tafiya daga farkon aiki zuwa ƙarshe ba yanka, har da wurin da aka yi kuskure aka gyara, domin a nan koyo yake.

A farkon kowace ɗauka, mai tambaya ya faɗi kwanan wata da gari da unguwa, mai magana ya faɗi sunansa da sana'arsa da wanda ya koya masa, sannan ya faɗi da bakinsa abin da ya yarda a yi da maganar. Ku ba shi zaɓi uku: a watsa ga kowa, ko a ajiye ga 'yan unguwa, ko a rufe sai iyalinsa. Wanzami yana da sirrin magani, ungozoma ta san asirin gidaje, maroƙi ya san asalin da wasu ba sa so a tona, musamman abin da ya shafi bauta. Guntu ɗaya da ya fita ba izini ya isa ya rufe muku ƙofar duk tsofaffin unguwa. Tambaya kuma kada ta zama "ba mu labarin al'adar da", don amsarta ita ce "da an fi kunya", shi ke nan. Ku tambayi abu takamaimai: ranar da aka kai ki, wa ya riƙe hannunki, me aka fara yi da aka shiga, wa ya hana a yi kaza, me ya sa. In an yi shiru ku bari, kada ku cike shi.

Wajen ajiya ne yawancin irin wannan aiki ke mutuwa. Kowane fayil ya samu suna mai tsari a ranar da aka ɗauke shi, kamar 2025-03-14 Garwa wanzanci 01, a kuma shigar da shi a littafin rajista na takarda tare da abin da ke ciki da irin izinin da aka bayar. Kwafi uku: biyu a faifai biyu da ke gida biyu daban, ɗaya a intanet. Wurin da Google ke bayarwa kyauta gigabait 15 ne, ya isa sauti mai yawa amma ba bidiyo ba. Facebook da TikTok wurin nuni ne, kada ku ɗauke su rumbu: suna rage ingancin abin da aka ɗora, ana rufe shafi, ana kuma toshe su. 'Yan'uwanmu na Cadi sun ga haka, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 kafafen sada zumunta a toshe suke a ƙasar. In za ku tura wa juna fayil ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin takarda, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da matsewa ba. Memorin kasuwa da yawa jabu ne, an rubuta gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil ya nuna sunansa, ranar buɗewa a tarar ba komai. Ku cika sabon memori da bidiyo ku buɗe na farko da na ƙarshe kafin ku amince da shi. Lambar sirrin asusun intanet na ƙungiya ta kasance a hannun mutum uku, kuma layin da aka yi rajista da shi a riƙa sa masa kuɗi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sayar wa wani. Duk wata shida a jona faifan a buɗe wasu fayiloli a tabbatar suna nan.

Ku kuma bi gidaje ku tambayi tsofaffin kaset, akwai dukiya a cikinsu: bikin shekarun 1980, wa'azin malaman gari, saƙon alhazai. Kafin a saka kaset a rikoda, a ɓalle 'yan haƙoran da ke samansa don kada a danna ɗauka bisa kuskure a goge, a zagaya shi gaba da baya sau ɗaya, a goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit. A haɗa rikoda da kwamfuta da igiya, kada a kara waya a bakin lasifika. Wanda ya yi fumfuna a ware shi, zai ɓata rikodar ya shafa wa sauran. Takardun ajami kuwa warwatse suke ba ɗinki, don haka kada a sauya jerinsu. Kalmar da ke can ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jeri. A ɗauki hotonsu a inuwa ba walƙiya, gaba da baya, a mayar wa mai su a ranar. Kada a liƙa musu salatif, kada a rufe su da roba mai zafi.

Rubuta abin da aka ɗauka shi ne aikin da ya fi cin lokaci, awa ɗaya ta magana tana iya cin awa biyar zuwa takwas. Ku sa allon rubutu na Hausa a waya don ku samu ɓ da ɗ da ƙ. Ku rubuta yadda tsohuwar ta faɗa, da kalmar Fulatancinta da ta Faransancinta da ta Larabcinta, kada wani ya "gyara" ta zuwa Hausar rediyo. In aka gyara, an goge ainihin abin da aka fito nema. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu ma sai an bi bayansu, don Hausar labarai suka fi sani, kalmar da ba su gane ba sukan musanya ta da wadda suka sani.

Ragowar kashi biyu na kuɗin, ku raba shi tsakanin goron waɗanda kuka yi hira da su, da ladan masu rubutawa, da abu na ƙarshe wanda na fi ba muhimmanci: ku zaɓi sana'a ɗaya ko biyu da mai ita ya rage shi kaɗai, ku yanka masa wani abu duk wata, da sharaɗin ya riƙe yara biyu na tsawon shekara. Yaran ma a ba su ɗan abin sabulu, in ba haka ba acaɓa zai janye su. Mai algaita misali ne mai kyau. Bidiyo zai adana sautinsa da motsin yatsunsa, amma yadda ake tara iska a kumatu ana shaƙa ta hanci ba tare da busa ta yanke ba, da yadda ake fere bakin busar, da sanin taken da ake yi wa lamido da wanda ake yi wa Galadima da lokacin da ake sauyawa, sai yaro ya zauna gefensa watanni ana gyara masa. Ku yi magana da fada tun farko, domin a ba yaran wuri su tsaya bayan malaminsu ranar Juma'a da ranar salla, su yi busa a gaban jama'a ko da taƙaitacciya ce.